Tsayin ƙasan mota: yana da amfani ko kuɗi kawai zan ƙara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a Zariya, kuma kusan kowane ƙarshen wata nakan je garinmu, inda sai an sauka daga kwalta an bi hanyar ƙasa. Corolla nake hawa. Ana ba ni shawarar in koma ƙaramar jif irin RAV4 ko CR-V, wai sun fi tashi daga ƙasa. Wannan tsayin yana da amfani da gaske?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ga hanya irin taka yana da amfani, amma ka san iyakarsa kafin ka fitar da kuɗinka.

Abin da ake aunawa shi ne tazarar da ke tsakanin ƙasa da wurin da ya fi sauka a ƙasan motar. Corolla tana da kamar santimita 13 zuwa 14. RAV4 tana tsakanin 16 da 21, gwargwadon shekarar ƙirarta, Subaru Forester kuwa kusan 22. A ido bambancin bai kai tsawon yatsa ba, amma a hanyar ƙauye shi ne komai. Ka tuna yadda manyan motoci ke barin hanya bayan damina: ramuka biyu inda tayoyi suka bi, tsakiya kuma ta yi tudu. Tayoyinka suna cikin ramin, cikin motar yana goga tudun. Abin da ke fara shan duka shi ne salansa da ƙasan injin inda baƙin mai ke taruwa. Na sha ganin motar da dutse ya huda mata wannan wurin, mai ita bai lura ba ya ci gaba da tafiya, man ya tsiyaye, injin ya buga. Gyaran ya ci kuɗi ba kaɗan ba. Haka tudun rage gudu da jama'a ke yi a unguwanni, wani kamar kabari, da gangarar shiga gida: jif za ta wuce ba tare da bamfa ta taɓa ba.

Sai dai awon da kamfani ke rubutawa na mota ce ba kaya. Ka ɗauki mutum biyar, ka sa buhun masara biyu a but, bayanta zai zauna. In shokozoba da sifirin sun gaji, kamar yadda ake samu a yawancin motocin Beljiyam, wata RAV4 ɗin ba ta fi Corolla lafiyayya tsayi da yawa ba.

Inda nake jin tsoro shi ne ruwa. Mutane na sayen jif su ɗauka sun sayi kwale-kwale. Abin da ke kashe inji a ruwa shi ne bakin da yake shaƙar iska, kuma a waɗannan motoci yana gaba, wajen fitila, bai yi wani sama ba. Ruwa ya shiga nan, injin ya tashi aiki nan take. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 30 yana iya ɗauke mota. In ka iske kwari ya cika, don Allah ka jira ya janye. Rairayi ma tsayi ba ya maganinsa. Da yawa daga cikin ƙananan jif da ke kasuwa tayoyin gaba kaɗai ke ja, sai ka nemi mai jan ƙafa huɗu.

Kuma za ka biya: ta fi shan mai, tayoyinta sun fi tsada, a kwana da gudu ta fi karkata. Wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce kwalta ba, ban ga dalilin canzawa ba.

Wasu makanikai za su ce ka bar Corollar su ɗaga maka ita da roba a kan shokozoba. In aka wuce gona da iri, shaf ɗin da ke juya tayoyi ne zai riƙa lalacewa, tuƙi ya canza. Ranar da za ka duba jif ɗin, tafi da mutum uku su zauna a baya, ka durƙusa ka leƙa ƙasanta: ka ga yadda ta zauna, ka ga ko akwai tabon duka a salansa da ƙasan injin.