Wai waye ya ƙirƙiro AdMob, kuma da gaske ana samun kuɗi da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ni ɗalibi ne a Zariya, na haɗa wata ƴar manhaja ta azkar na ɗora a Play Store, abokaina suna ta cewa in sa AdMob, wato tsarin Google na sa talla a cikin manhaja, ko na kati na riƙa samu. Don Allah waye ya kawo abin nan, kuma da gaske ana samu?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa albarka a wannan ƙoƙari. Sunan mutumin Omar Hamoui, a Amurka yake, ya karanta kimiyyar kwamfuta a jami'ar UCLA daga baya ya tafi makarantar kasuwanci ta Wharton, to yana can ne a 2006 ya buɗe AdMob. Kafin nan yana da wani ɗan kamfani na tura hotuna ta waya, ya gama aikinsa tsaf amma ya rasa ta inda zai tallata shi ga masu shiga intanet da waya, don lokacin ko iPhone bai fito ba, sai a 2007. Abin da ya tare masa hanya shi ya mayar sana'a, ya haɗa masu neman inda za su sa talla da masu shafukan waya da ke da jama'a amma ba kuɗin shiga, shi yana tsakiya yana cire la'adarsa kamar dillalin kasuwa. Ni nan ne ya fi burge ni wallahi, don da yawanmu da mun tsaya ƙorafi ne kawai.

Da aka buɗe App Store, kasuwar manhajojin iPhone, a 2008 kasuwa ta buɗe masa sosai, a Nuwamba 2009 Google suka sanar za su sayi kamfanin kan dala miliyan 750, hukumar FTC mai sa ido kan kasuwanci a Amurka ta shiga binciken cinikin, sai Mayu 2010 aka kammala. Bai daɗe a Google ba ya fita, daga baya ya koma harkar zuba jari a Sequoia Capital, waɗanda dama suna cikin waɗanda suka fara sa masa kuɗi.

Maganar samu kuwa, eh ana samu amma kar a ruɗe ka. Sai mutane da yawa suna buɗe manhajar kullum, kuma tallan da aka nuna wa mai waya a Najeriya kuɗinsa bai kai na Amurka ba ko kusa, sannan sai ka tara dala 100 kafin su biya ka. Kar ka kuskura ka danna tallanka da kanka ko ka sa abokai su yi ta dannawa, rufe maka akawun za su yi. Tunda kuma ta azkar ce, shiga saitin ka toshe tallan caca da na giya da na neman samari da ƴanmata tun kafin ka kunna, kar wani yana tsakiyar azkar ɗin safe ya ci karo da su.