Jifan da bai faɗo ba, da sauran tambayoyinku

Tambayoyin wannan makon kamar an haɗa baki, duka sun faɗa inda Hausa ta haɗu da kimiyyar fiziks. Ta farko daga wani malamin sakandare ce a Talata Mafara: "Allah ya gafarta Malam, ina koya wa 'yan aji biyar yadda tauraron ɗan'adam yake zagaya duniya, sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, to ashe Bahaushe ya yi ƙarya da ya ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo? Me zan ce masa?"

Malam, ka fara sa wa yaron nan albarka, don ya saurari darasi da kunnen basira. Sannan ka ce masa tauraron ɗan'adam ma faɗowa yake yi, ƙasar ce take kauce masa. Isaac Newton, wanda ya fitar da ƙa'idar jan da duniya ke yi wa abubuwa a 1687, da jifa ya buga misali. A ce ka hau dutsen Kwatarkwashi ka yi jifa miƙe. Duk abin da aka saki yana yin ƙasa da wajen mita 5 a daƙiƙar farko. Ita kuma duniya a dunƙule take, bayanta yana lanƙwashewa da wajen mita 5 a kowace tafiyar kilomita 8. To idan jifanka ya ci kilomita 8 a daƙiƙa ɗaya, kuma babu iskar da za ta rage masa gudu, gwargwadon yadda ya sauko, gwargwadon yadda ƙasa ta zame a ƙarƙashinsa. Haka zai yi ta faɗowa bai iso ba har ya zagayo ta bayanka.

Da wannan gudun, wajen kilomita 28,000 a awa, tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa take zagaya duniya cikin kusan minti 90, a tsayin kilomita 400 ko kusa da haka. Amma ko a can akwai burbushin iska mai ja mata birki, sai an riƙa kunna inji ana ɗaga ta. Ranar da aka daina, karin maganar nan za ta karɓi bashinta. Tashar Skylab ta Amurka ta faɗo a 1979, tashar Mir ta Rasha an sauko da ita cikin teku a 2001. NigComSat-1R, tauraron sadarwa na Najeriya, da aka harba daga ƙasar Sin a watan Disamban 2011, shi yana can wajen kilomita 36,000, inda zagaye ɗaya ke cin yini da kwana, daidai da juyin duniya. Shi ya sa dish ɗin da ke kan rufin gida yake kallon waje guda ba a juya shi. Wanda ya tsere da gaske shi ne irin kumbon Voyager 1, da aka harba a 1977. Ya samu gudun da ya fi ƙarfin jan duniya da na rana, yanzu ya wuce kilomita biliyan 24, kuma ba zai dawo ba. A nan kam yaro yana da gaskiya.

Sai dai Bahaushe ba labarin dutse yake bayarwa ba. Dubi 'yan'uwan maganar: komai nisan dare gari zai waye, komai tsawon wuya kai ne bisa. Ginin iri ɗaya ne, a kawo abin da ya yi tsawo har ana zaton ba shi da iyaka, sai a nuna masa iyakarsa. Ana faɗa wa maƙaryacin da asirinsa ya daɗe bai tonu ba, ko mai mulkin da ya manta akwai ranar sauka, ko iyayen da ɗansu ya shiga duniya ana ba su haƙuri. Jifa kuwa, ko jihwa yadda bakinmu na yamma yake faɗa, aikin hannu ne. Ko da majajjawa aka yi shi, bai kama ƙafar kilomita 8 a daƙiƙa ba.

Wata ɗaliba daga jami'ar Aliero ta tambaya ko zarra ta "ƙwayar zarra" ita ce ta "wane ya yi zarra".

'Yata, kama ce kawai, kuma kama da wane ba ta wane. Zarrar da ake cewa wani ya yi wa tsara tana nufin fifiko, ya wuce sa'a, kuma a kunnena dangin "zarce" ce. Ta ƙwayar zarra kuwa aro ce daga Larabci, ta shigo mana ta allo: duk wanda ya biya Izazul ya san "misƙala zarratin". A tsohon Larabci ana nufin ƙaramin kiyashi, ko ƙurar nan da ake gani tana yawo idan hasken rana ya ratso ta taga. Da Larabawan zamani suka nemi sunan mafi ƙanƙantar ɓangaren sinadari sai suka ɗauko ta, mu ma muka bi sahu. Abin da ba na so shi ne a ɗebi ma'anar ɗakin gwaje-gwaje a koma a ɗora wa ayar da ƙarfi. Wannan fagen malaman tafsiri ne.

Ƙurar taga dai ƙatuwa ce idan aka gwada ta da zarrar kimiyya, wadda sai an jera wajen miliyan 10 kafin su cika milimita ɗaya. Kuma ita ma ba ita ce ƙarshe ba. A 1897 J. J. Thomson ya gano ilektiron, wani ɗan ƙaramin ɓangare da ke cikin zarra, a 1911 Ernest Rutherford ya nuna cewa kusan duk nauyin zarra yana tattare a wata 'yar cibiya, sauran fili ne. Wannan cibiyar ce asalin kalmar nukiliya, wadda da an ambace ta sai mutane su tuna da bam. Alhali a Zariya, a cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, akwai ƙaramar tukunyar nukiliya mai ƙarfin kilowat 30 da take aiki tun 2004. Ba wuta take ba gari ba, aikinta bincike da horar da ɗalibai: a sa ɗan samfurin ƙasa ko dutse ko hatsi, a gano sinadaran da ke ciki.

Tambaya ta uku ta fi cizo. Wani bawan Allah daga Gusau ya rubuto: "Malam, an ce gani ya kori ji. Su masu kimiyyar nan wa ya taɓa ganin abin da suke faɗa? Mu dai ji muke yi."

Alhaji, "ji" kalma ce mai faɗi ƙwarai. Muna jin magana, muna jin wari, muna jin zafi da yunwa, muna jin Hausa, har magani ma ciwo yana jin sa. Jin da ke cikin wannan karin maganar ɗaya ne tak: an ce, ka ce, labarin da ya bi bakuna kafin ya iso. Ganin kuma shi ne ganewa ido, abin da mutum ya tabbatar da kansa. Ita ce dai maganar ganau da jiyau. To a wannan ma'aunin, wanda ya auna abu, wani ya zo ya sake aunawa ya samu daidai, ganau ne ko da ƙwayar idonsa ba ta gani ba.

Ido kansa ɗan yanki kaɗan na haske yake kamawa, daga ja zuwa shuɗi mai duhu. Akwai haske a gaba da nan, akwai a baya. Wilhelm Röntgen ya gano ɗaya daga ciki a Jamus a 1895, wanda yake ratsa tsoka, ƙashi ya tare shi. Shi ne hoton ƙashi na asibiti. Aliero ta yi suna wajen ɗori tun kaka da kakanni, masu ɗori da hannu suke jin karaya, amma hoton yana nuna ko ƙashin ya rabu biyu ne ko ya farfashe. A can nesa kuma, ranar 14 ga Satumban 2015, na'urorin LIGO biyu a Amurka, kowacce da hannuwa masu tsawon kilomita 4, sun kama girgizar da sarari ya yi sakamakon karon wasu baƙaƙen ramuka biyu, wato dunƙulallun abubuwan sararin samaniya da ko haske ba ya kuɓuce wa jansu, fiye da shekara biliyan ɗaya da ta wuce. Albert Einstein ya yi hasashen irin wannan girgiza tun 1916. Dalilin da ya sa aka gaskata shi ne na'urorin suna da nisan wajen kilomita 3,000 tsakaninsu, kuma duka sun rubuta abu guda.

Amma mu 'yan Zamfara ba sai mun je Amurka ba. A 2010 yara suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, har aka rasa sama da 400. Allah ya sa masu ceto ne. Ji-ta-ji-ta ta yi yawa a lokacin, kowa da abin da yake zato. Ga ido, ƙasar tsakar gida ƙasa ce kamar kowacce. Gwajin jinin yara ya nuna gubar dalma ce, daga dutsen zinarin da ake daka ana niƙa a cikin gidaje. Masu aikin tsaftacewa sun yi amfani da wata na'urar hannu da ake ɗorawa a ƙasa, ta harba irin hasken hoton ƙashi. Kowane sinadari idan wannan hasken ya buge shi yana maido da nasa haske na daban, na dalma bai yi kama da na ƙarfe ba, sai na'ura ta karanta ta faɗi yawansa nan take. Da haka aka riƙa bi gida-gida ana sanin inda za a kankare ƙasa a zuba sabuwa, har aka kai Bagega a 2013. Ka ga, Alhaji, a wannan lamarin ido ne ya zauna a matsayin jiyau, awo ya zama ganau.

Ta ƙarshe gajeruwa ce, daga wani mai sayen gwangwan a Jega: wanne ne daidai, maganaɗisu ko mayen ƙarfe?

Duka biyun. Maganaɗisu aro ne daga Larabci, shi ya fi yawa a littattafan makaranta. Mayen ƙarfe ƙirar gida ce, kuma ni ya fi burge ni, don maye kamu yake yi ba a ga hannunsa ba. Sai dai sunan ya yi masa faɗi, kai ma ka fi ni sani. Baƙin ƙarfe yake kamawa da 'yan danginsa. Jan ƙarfe da dalma da alminiyam da azurfa da zinari duk ba ruwansa da su. Mafi ƙarfin da talaka zai iya cin karo da shi yana cikin na'urar MRI ta asibiti, mai ɗaukar hoton cikin jiki. Wadda aka fi yawan samu tana da ƙarfin da ya ninka na duniya wajen sau 30,000, kuma ana sanyaya wayoyinta da ruwan hiliyam zuwa digiri 269 ƙasa da sifili don lantarki ya gudana ba tare da turjiya ba. A kunne take ko da ba a ɗaukar hoto, shi ya sa ake hana shiga ɗakin da makulli ko almakashi ko tukunyar iskar numfashi, kuma ake tambayar majiyyaci ko an taɓa sa masa ƙarfe a jiki. Ga masu gwada zinari da shi a kasuwa kuma: idan ya kama, akwai algus. Idan bai kama ba, ba a gama magana ba tukuna, don tagullar da aka shafa wa ruwan gwal ma ba zai kama ta ba, sai an kai wa mai awon nauyi da ruwan gwaji.