Tsutsar kare da lafiyar mutanen gida: amsoshin likita

Tambaya: Likita, kwikwiyona bai cika wata ɗaya ba amma yana kasayar da tsutsa. Ina ya samo ta?

Amsa: Daga uwarsa, tun yana ciki ko ta nono. Ana fara ba su magani suna da sati 2, a maimaita duk bayan sati 2. Kai shi likitan dabbobi ya auna, kada ka kintata.

Tambaya: Ɗalibi ne ni. Me ya haɗa microRNA da tsutsar kare?

Amsa: MicroRNA wasu 'yan guntayen saƙo ne da ke rage aikin ƙwayoyin gado. A jikin wata 'yar tsutsa aka fara gano su a 1993, kuma aikin ya sa Victor Ambros da Gary Ruvkun suka ci kyautar Nobel a 2024. Tsutsar zuciyar kare, wadda sauro ke yaɗawa, tana zuba nata a jinin karen, shi ya sa ake fatan wata rana a gane ta da su. Abin yana ɗakin bincike tukuna, ɗana.

Tambaya: Mahauci ne ni. Huhu ko hantar da na gani da ƙullutun ruwa nakan jefa wa karnuka. In tsutsa ta kama su sai in ɗura musu kananzir. Akwai laifi?

Amsa: Subhanallahi! Malam, wannan ce ta tayar mini da hankali. Ƙullutun nan cike yake da 'ya'yan tsutsa. Kare ya ci, su girma a hanjinsa, ƙwansu ya fita cikin kashinsa, ya manne a gashinsa da ƙasar da yaranka ke wasa. Yaro ya shafa kare ya kai hannu baki, shi ke nan. Ƙullutun zai yi shekaru yana girma a hantarsa ko huhunsa ba wata alama, daga baya sai ciwon gefen ciki na dama ko tarin da ba ya jin magani. Wani sai an yi masa aiki.

Kananzir kuwa, wa ya koya muku? Ba ya kashe wannan tsutsa, huhun karen yake ƙonawa. Na ji ma har yara ake ɗura wa. Don Allah a daina. Yaron da ya sha kananzir kada a sa shi amai, a garzaya da shi asibiti.

Naman nan a ƙona shi ko a binne da zurfi. Karnukan, likitan dabbobi ya ba su praziquantel. A riƙa wanke hannu da sabulu kafin cin abinci. Duk mai irin wannan ciwon ciki a gidanka ya je a yi masa hoton ciki. Ina sake faɗa, ya je asibiti, ba kemis ba.