Ɗalibi Zai Iya Samun Kuɗi da Wayarsa Kuwa? Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a aji biyu na jami'a. Wata ƙawata ta saka ni a wani zaure na Telegram inda ake biyan mutum idan ya danna alamar so a bidiyoyin YouTube. Ranar farko an turo min ɗan kuɗi. Yanzu sun ce sai na zuba nawa kafin a ɗaga ni zuwa matakin da ake samun mai tsoka. In zuba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kada ki zuba ko sisi, kuma ki fice daga zauren nan yau ɗin nan. Ɗan abin da suka turo miki tsaba ce aka watsa wa kaza don ta matso kusa. Da zarar kin zuba, za ki ga lambobi suna ta hauhawa a shafinki, amma waɗannan lambobin su ne suke rubuta su da hannunsu, babu wani kuɗi a bayansu. Ranar da kika nemi cirewa za a ce kin yi kuskure a wani aiki, ko akwai harajin da za ki biya tukuna, sai ki ƙara zubawa don ceto na farko. Masu turo hotunan shaidar an biya su a cikin zauren, da yawansu asusun 'yan damfarar ne da kansu.

Ƙawarki wataƙila ba da mugun nufi ta jawo ki ba. Irin waɗannan tsare-tsaren suna biyan na farko da kuɗin na baya, shi ya sa ake ba ta lada a kan kowane mutum da ta kawo. Dabarar tsohuwa ce: Charles Ponzi ya yi ta a Boston ta Amurka a 1920, yana alƙawarin ribar kashi 50 cikin 100 a kwana 45, har abin ya rufta da jama'a. Ki ja kunnenta cikin ruwan sanyi. Sannan kada ki ba kowa lambar sirrin da banki ke turo miki ta saƙon waya, kada kuma ki yarda a riƙa wucewa da kuɗin wasu ta asusunki don a ba ki wani kaso. Idan kuɗin na sata ne, sunanki za a gani.

Tambaya: Malam, ina shekarar ƙarshe, ba ni da kwamfuta sai waya. Wane aiki na gaskiya zan iya yi a intanet ba tare da karatuna ya lalace ba?

Amsa: Ƙanena, kafin ka sauke kowace manhaja, zauna ka tambayi kanka: me na iya wanda wani zai cire kuɗi daga aljihunsa ya biya ni a kai? Shafuka irin su Fiverr da Upwork kasuwa ce kawai, suna haɗa mai haja da mai saye. Wanda ya shiga kasuwa hannu rabbana, hannu rabbana zai fito.

Da waya kaɗai ana iya koyon yanka bidiyo da haɗa shi a CapCut, ko zana tallar 'yan kasuwa da katin gayyata a Canva. Idan Hausarka da Turancinka sun nuna, akwai fassara, da mayar da magana rubutu, da ɗaukar murya ga kamfanonin da ke koya wa kwamfuta harsuna. Wannan na ƙarshen yana zuwa ne jefi-jefi, wata guda a samu, wata biyu shiru, don haka kada ka ɗora lissafin kuɗin makaranta a kansa. Wanda kuma Allah ya ba shi baiwar koyarwa, akwai shafuka irin su Preply inda ake koyar da harshe ta bidiyo kai tsaye, sai dai wannan yana son intanet mai ƙarfi da ɗaki marar hayaniya.

Ni dai shawarata ka zaɓi abu ɗaya, ka ba shi wata biyu ko uku kana koyo, ka haɗa samfurin aiki biyar ko shida masu kyau ko da ba wanda ya sa ka. Mai saye ba zai tambayi ajinka ba, abin da hannunka ya yi zai duba. Aikin farko shi ne mai wuyar samu, domin ba ka da taurarin yabo a shafinka, kuma ana iya yin makonni ba wanda ya ƙwanƙwasa. A nan ne yawancin ɗalibai ke karaya, abin da ke ba ni takaici ke nan, saboda sau da yawa bayan aiki biyu ko uku masu kyau hanya takan fara buɗewa.

Ka san lissafin tun da wuri. Fiverr yana cire kashi 20 cikin 100 na kowane aiki, kuma sabon mai sayarwa sai ya jira kwana 14 bayan kammala aiki kafin kuɗin su zama nasa na cirewa. A Upwork kuwa, neman aikin ma yana cin wasu maki da ake saye idan na kyauta sun ƙare, saboda haka ba a harbi a iska. Abu mafi muhimmanci: ka tabbatar da hanyar da kuɗin za su iso hannunka kafin ka yi gumi. Ba a kowace ƙasa PayPal, kamfanin tura kuɗi ta intanet, ke barin mutum ya karɓi kuɗi ba, shi ya sa da yawa ke amfani da takwaransa Payoneer. Ka buɗe komai da sunanka na gaskiya kamar yadda yake a katin shaidarka. Masu ɓoye ƙasarsu da VPN (manhajar da ke sa a ga kamar kana wata ƙasa) ko aron asusun wani, ranar da aka nemi su tantance kansu sai a kulle asusun da kuɗin a ciki.

Akwai aikin da za a yi ta kawo maka wanda nake roƙonka ka ƙi: rubuta wa wasu ɗalibai aikin gida ko kundin kammala karatu. Yana iya jawo a kore ka daga makaranta kana dab da gamawa, kuma a Ingila tun 2022 doka ta haramta wannan sana'ar. Manhajojin amsa tambayoyin bincike ko kallon talla kuwa, ko na gaskiyar cikinsu abin da suke bayarwa da ƙyar yake mayar da kuɗin data.

Game da karatu, ka tsayar da awa ɗaya ko biyu a rana, kada ka karɓi aikin da wa'adinsa ya faɗa makon jarrabawa. Fiverr yana da wurin da za ka nuna ba ka nan na ɗan lokaci, ka yi amfani da shi, domin jinkirin miƙa aiki yana zubar da darajar shafinka fiye da hutun.

Tambaya: Na buɗe tashar YouTube ina bayanin darussan lissafi da Hausa. Yaushe za su fara biyana?

Amsa: Madalla da wannan tunani, ɗan'uwa. Kafin ka fara samun kason talla, sai tasharka ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, ko kuma mabiya 1,000 ɗin tare da kallo miliyan 10 na gajerun bidiyoyinka cikin kwana 90. Bayan an amince da kai, AdSense, wato tsarin Google da ke biyan kuɗin talla, ba ya sakin kuɗi sai sun kai dala 100, kuma dole mai asusun ya cika shekara 18. Abin da talla ke kawowa ya danganta da ƙasar da masu kallonka suke, shi ya sa tashoshi biyu masu yawan kallo iri ɗaya kan samu kuɗi mabambanta ƙwarai. Ka guji saka waƙa ko bidiyon wani a cikin naka, mai shi zai iya kwashe kuɗin tallar ko a sauke bidiyon.

Tunda darasi kake koyarwa, ba sai ka jira talla ba. A ƙarƙashin kowane bidiyo ka rubuta cewa kana ɗaukar ɗalibai darasi na musamman ta Zoom ko WhatsApp, ka sa adireshin imel ɗin da ka ware don wannan aikin kaɗai. Mutum biyar da suka gamsu da bayaninka za su iya fara biyanka tun tashar ba ta kai mabiya ɗari biyu ba.