Tambaya da Amsa: Yaya Zan Bambance Nau'o'in Malam-buɗe-littafi?

Tambaya: Na fara sha'awar kallon malam-buɗe-littafi a gonarmu, musamman wani mai ruwan goro da ke yawan sauka a kan tumfafiya, amma duk wanda na tambaya sunansa sai ya ce mini malam-buɗe-littafi ne kawai. Ta yaya zan san nau'insa? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Malama, waɗanda kika tambaya ba su yi kuskure ba, domin suna ɗaya muke kiransu da shi, alhali a Nijeriya kaɗai akwai nau'i fiye da 1,000, mafi yawansu a dazuzzukan kudu. Tsiron da kika ambata ya riga ya ba ki rabin amsa, saboda kowane nau'i yana da tsirran da yake saka ƙwai a kansu, waɗanda tsutsarsa ke ci. Mai ruwan goro da baƙin bakin fiffike mai ɗigon fari, wanda ba ya nisa da tumfafiya, shi ne masana ke kira Danaus chrysippus. Tsutsarsa tana tara gubar tumfafiya a jikinta, shi ya sa tsuntsaye ke ƙyamar cinsa, shi kuma yake tashi a hankali ba tare da fargaba ba.

Sai dai a nan ne masu koyo suka fi ruɗewa, domin macen wani nau'i dabam, Hypolimnas misippus, ta ɗauko kamanninsa sak don ta tsira daga tsuntsaye, ko da yake namijinta baƙi ne mai manyan tabo farare. Ki duba tsakiyar fiffiken baya: na tumfafiya yana da baƙaƙen ɗigo 3, namijinsa 4, ita kuwa mai kwaikwayon ba ta da wannan jerin.

Babban nan baƙi mai zanen rawaya da ke kewaya bishiyar lemu kuwa Papilio demodocus ne, kuma ƙaramar tsutsarsa kamar kashin tsuntsu take.

Ban ba ki shawarar kama su da hannu ba, domin garin da ke fukafukansu yana gogewa, kuma da shi alamun suke tafiya. Ki fita da hantsi lokacin da suke shan rana, ki ɗauki hoton sama da ƙasan fiffike da wayarki, sannan ki rubuta ranar da kuma tsiron da kika same shi a kai.