Amsa kan ciwon baya da iyakar da inshora ta sa wa gashin ƙashi

Malam, ka tambaya ko ciwon bayanka zai warke kafin zaman gashin ƙashin da kamfanin inshorarka ya amince da shi ya ƙare. Ciwon ƙugu da ya taso daga ɗaukar kaya ko dogon zama, galibi yana lafawa cikin mako huɗu zuwa shida, kuma likitoci ba sa kiransa mai daɗewa sai ya wuce mako 12. Idan faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya ne ya danne jijiya har ciwon ya sauka ƙafa, yakan ɗauki watanni, amma mafi yawan masu shi suna samun sauƙi ba tare da tiyata ba.

A tsarin NHIA, wato hukumar inshorar lafiya ta ƙasa a Najeriya, asibitin da ka yi rajista ne zai nemo lambar izini daga HMO, wato kamfanin da ke kula da inshorar lafiyarka, kafin a tura ka wurin ƙwararre, kuma idan zaman ya ƙare, likita na iya rubuta rahoto ya nemi ƙari. A ganina, ya fi kyau ka roƙi mai gashin ya rarraba zaman, ya kuma koya maka motsa jikin da za ka riƙa yi a gida, domin kwanciya tsawon kwanaki tana jinkirta warkewa.

Amma idan ƙafa ta fara rauni, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, ko zazzaɓi da rama suka biyo baya, kada ka tsaya jiran izini, ka tafi sashen gaggawa a ranar.