Farin ɓawo a buta, hita na ƙonewa: ko filta za ta magance?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. A Lugbe da ke Abuja muke zaune, ruwan burtsatse muke amfani da shi. Shekara biyu da tarewarmu, hitar banɗaki ta ƙone sau biyu, shawa ta koma ɗigo-ɗigo, gindin butar lantarki kuma ya yi fari fat kamar an shafa masa farar ƙasa. Sabulu ma da ƙyar yake kumfa. Mai gyaran famfo ya ce mu sayi filta. Ita ce maganin?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki dakata da sayen filtar tukuna, domin irin wadda ake ɗaurawa a bakin tanki yashi da laka kawai take tarewa. Abin da ke damun gidanki a narke yake cikin ruwan, kamar yadda sukari ke narkewa a shayi, zai bi ta cikinta ya wuce abinsa. Alum ɗin da ake jefawa a randa shi ma ba ya taɓa shi.

Ruwan ƙasa, a hanyarsa ta cikin duwatsu, yana kwaso sinadarai biyu, kalsiyam da magnisiyam. Idan sun yi yawa ne sabulu ke ƙin kumfa, ya bar wani dusa-dusa a jikin bokiti. Muddin ruwan na da sanyi suna nan a ɓoye, ki ɗebo a kofi ki gan shi garau. Da ya ji wuta sai kalsiyam ɗin ya fito ya daskare a jikin ƙarfe. Farin da kike gani a butarki sinadari ɗaya ne da ɓawon ƙwai, ɗaya ne da dutsen da ake siminti da shi a Ashaka da Obajana. Shi ya sa ɓarnar ta fi yawa a duk inda ake zafafa ruwa: hita, buta, dutsen guga mai tururi, injin wanki.

Na taɓa kwance wata hita a Gwarimpa, na tarar ƙarfen da ke ɗumama ruwan ya yi riga mai kaurin ɗan yatsa, da na ƙwanƙwasa sai ta riƙa zuba kamar fasasshen tangaran. Wannan rigar ce ke kashe hita. Zafin da ya kamata ya shiga ruwa sai ya maƙale a jikin ƙarfen, ruwa ya daɗe bai yi zafi ba, mita na ta cin kuɗi, ƙarfen na gasuwa a ciki har ya fashe. A sa sabo, ruwan nan dai shi ne, bayan 'yan watanni a koma gidan jiya. Yana ba ni takaici in ga an ɗora wa mai shago laifin sayar da jabu, alhali ba wanda ya waiwayi ruwan.

Shawa kuwa ƙananan hudojinta ne suka toshe. Bututun roba na zamani bai cika tara wannan ɓawo ba, tsohon bututun ƙarfe ne ke tsukewa ta ciki a hankali har ruwa ya rasa ƙarfi.

Abin da nake roƙonki shi ne ki kai ruwan a auna kafin ki kashe ko kwabo. Ki bar famfo ya zuba na ɗan lokaci, ki cika gora mai tsabta, ki kai ɗakin gwajin ruwa. Ana lissafin nauyin ruwa, wato yawan sinadaran nan biyu a cikinsa, da miligiram a kowace lita: ƙasa da 60 ruwa ne mai laushi, daga 120 zuwa 180 ya yi nauyi, abin da ya haura 180 kuwa ya yi nauyi ƙwarai. Na nace a kan awon ne saboda Abuja ba a kan dutsen siminti take ba, kuma burtsatse biyu a layi ɗaya kan iya ba da ruwa daban-daban. Gidaje da yawa ma ƙarfe ne ke cikin ruwansu, shi ne mai barin jan tabo a masai da fararen kaya, kuma maganinsa dabam. Masu samun ruwan Madatsar Usuma ba su cika wannan kuka ba, don ruwan sama ne da ya taru, bai daɗe yana kwance cikin dutse ba.

Idan awo ya nuna nauyin ya yi yawa, akwai na'urar tausasa ruwa, wadda ke da ƙananan ƙwayoyi masu kama kalsiyam su saki sodiyam a madadinsa. Tana aiki sosai, amma sai ana zuba mata gishiri a kai a kai, in aka yi sakaci ta zama tulu kawai. Ina ba da shawarar a bar famfon kicin a wajenta, musamman in akwai mai hawan jini a gidan. Shan ruwan yadda yake ba ya cutarwa ta fuskar waɗannan sinadarai biyu.

Kafin nan, ga abin da za ki iya yau. Ki zuba ruwan khal rabi, ruwa rabi a butar, ki tafasa, ki bar shi awa guda, ki ɗauraye sosai. Lemon tsami ma yana yi. Kan shawa ki kwance shi ki jiƙa a ruwan khal ya kwana, da safe ki goge da tsohon buroshi. Don Allah kada ki haɗa khal da bilic, hayaƙin da suke fitarwa guba ne, kuma kada kowa ya kawo miki ruwan batir, zai cinye ƙarfen har da robar da ke riƙe ruwa.

Ita kuma hita, a saita zafinta a kan digiri 60, domin daga nan zuwa sama ne ɓawon ke saurin taruwa. Sau ɗaya a shekara mai gyara ya kashe wutarta daga babban makunni, ya zubar da ruwan ciki, ya zaro ƙarfen ya jiƙa shi ya wanke. Ki tsaya a wurin ki ga abin da zai fito.